Haruffan sitensil irin na gobe: wanne za ka ɗauka tsakanin Futura Black, Stop, Saira Stencil da 'yan'uwansu?

Idan aka kawo maka aikin tambarin shagon gyaran waya, ko na masu haɗa sola, ko fostar gasar wasan kwamfuta, da wuya mai aikin bai ce maka yana son rubutun ya fito "irin na kimiyya" ba. Abin da ke ransa, ko da bai san sunansa ba, shi ne haruffan nan masu kauri da aka datse wa wata gaɓa: A babu sandar tsakiya, O ya rabu biyu, E ya koma layi uku a jere. Salon sitensil ke nan. A kan allo duk kamarsu ɗaya, amma ranar da aka kai su wurin yanka ko wurin bugawa ake gane kowanne da halinsa. Na rubuta wannan ne saboda wanda ya jera guda biyar ko shida a gabansa ya rasa na ɗauka.

Daga ina datsewar ta samo asali

Yankan da ke jikin harafin sitensil larura ce ta haife shi. Mai fenti yana huda haruffa a jikin gwangwani ko kwali, ya kifa a kan akwati ko buhu ko bango, ya fesa. Idan ya zagaye O da wuƙa cif, cikinsa zai faɗo, ya samu dunƙulen fenti maimakon harafi. Don haka yake barin 'yan siraran wurare bai yanka ba, su riƙe cikin. Su nake kira gadoji. Duk wanda ya taɓa kallon lambar da ake fesa wa a-daidaita-sahu ya san su.

A Jamus ta shekarun 1920 wasu masu zane sun mayar da larurar nan ado. Josef Albers na makarantar zane ta Bauhaus ya gina haruffa da murabba'i da alwatika da rubu'in da'ira kawai. Bayan shekara arba'in, lokacin da duniya ta koma kallon sama saboda zuwa wata, sai salon ya sake tashi da sabuwar ma'ana. A 1975 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta fito da tambarinta mai A biyu marasa sandar tsakiya, ta ajiye shi a 1992, ta dawo da shi a 2020. Tun daga wancan zamani ido ya saba: harafin da aka rage wa gaɓa yana tuna wa mutum inji da sauri da sararin samaniya.

Ma'aunan da nake auna su da su

Na farko, kuma shi ne ya fi kowanne nauyi a wurina: gadar ta gaske ce ko ta ado? Akwai salon da aka datse shi don ya yanku a faranti, akwai wanda aka datse don ya burge ido kawai. Hanyar ganewa ita ce ka duba haruffa masu ciki, wato A, B, D, O, P, Q, R, da lambobi 0, 4, 6, 8, 9. Matuƙar akwai guda ɗaya da cikinsa ke kewaye ta ko'ina, to sai ka sa masa gada da hannunka kafin a yanka.

Na biyu, karantuwa. Masu allon talla suna da ƙa'idar da suke bi: inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa goma ta nisan mai karatu. Da harafi cikakke aka yi wannan lissafi. Wanda aka cire wa gaɓa yana buƙatar fiye da haka, domin mai wucewa a kan babur ba shi da lokacin cike gurbi da tunaninsa.

Na uku namu ne mu masu rubuta Hausa: haruffa masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ, da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ, sai kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Akasarin salon ado an zana su ne don harsunan Turai, ba sa zuwa da waɗannan. Kafin ka ƙulla soyayya da kowane salo, rubuta "Ƙofar Ɗan'agundi" da "ɓaure" da alamar ₦ a cikinsa. Idan ka ga akwatin banza, ko ka ga harafi ɗaya ya sauya kama ya koma siriri, to kwamfuta ce ta aro shi daga wani salon.

Na huɗu, kuɗi da lasisi. Na biyar, ƙarko, kuma iri biyu ne: ƙarkon abin da aka yanka a rana da ƙurar hunturu, da ƙarkon yayi, wato shekara nawa salon zai yi kafin ya fara nuna tsufa. Na shida, sauƙin aiki da shi a manhajar da kake da ita da kuma wurin mai bugawa.

Bari in tsaya a kan ƙarko kaɗan, domin nan ne mutane suka fi rikicewa. Idan faranti za a huda, harafin rami ne, gadoji kuwa su ne ƙashin bayan farantin, yawansu alheri ne. Idan kuma sitika za a yanka, ko roba mai kauri da za a manna a bango, lissafin ya juye: harafin ne abin da ya rage, kowace datsewa ta ƙara maka guntu guda da za ka jera, da sabbin kusurwoyi da rana za ta fara ɗagawa. Kalma mai harafi takwas tana iya zama guntu ashirin. Haka abin yake a injin surfani, inda kowane guntu sai an tsinke zare an sake kamawa. Salon da ya fi kowanne kyau a faranti yana iya zama wanda ya fi kowanne wahala a sitika.

Futura Black

Paul Renner ne ya zana shi, kamfanin Bauer na Frankfurt ya fitar da shi a 1929, shekara biyu bayan Futura na asali. Sunan kawai suka haɗa. Shi wannan tubala ne baƙaƙe ƙirin, alwatika da rabin da'ira da sanduna masu kauri, da farin layi siriri a tsakaninsu. Yana da manya da ƙananan haruffa.

Wajen yanka sitensil ne na gaske, tunda gaɓoɓinsa a rarrabe suke. Matsalarsa ita ce siririntar gadojin idan aka kwatanta da faɗin ramukan. A ƙaramin girma fenti yana malala ya haɗe su, kuma farantin yana saurin karyewa a daidai nan. A babban girma kuwa, kamar kan fosta ko bangon shago, ƙarfinsa ba ya misaltuwa. Kalma ɗaya ko biyu yake ɗauka, jimla tana gajiyar da ido.

Na saye ne. Kamfanoni da dama suna sayar da nasu sigar, kuma salo guda na irin waɗannan yawanci 'yan gomomin daloli ne na lasisin kwamfuta, lasisin shafin intanet kuma daban. Abin da ya kamata ka sani kafin ka biya shi ne, yau ba kowa ke ganin gobe a jikinsa ba. Mutane da yawa tsohuwar fostar silima yake tuna musu. Wannan ba aibi ba ne ga wurin cin abinci ko shagon kayan sawa, amma ga mai sayar da na'urorin sadarwa yana iya kai saƙon da ba shi aka nufa ba. Ƙugiya kuwa tana wahalar dasuwa a jikinsa, domin duk abin da ka ƙara sai ya yi kama da ɗaya daga cikin tubalan adonsa.

Stop

Wannan shi ne uban gidan, a ganina. Aldo Novarese, wanda ya zana salon rubutu na Eurostile a 1962, shi ya zana Stop, kamfanin Nebiolo na birnin Torino a Italiya ya fitar da shi a 1971. Manyan haruffa ne, masu faɗi, masu lanƙwasa mai santsi, an rage wasunsu har sai a cikin kalma ake tabbatar da ko wane harafi ne. Tun fitowarsa masu zanen tambari suka rungume shi, suna gyara harafi ɗaya ko biyu su mayar da shi nasu. Da yawa daga cikin salon kyauta da kake gani a intanet yau jikokinsa ne.

Ƙarfinsa a tambari yake. Suna gajere, harafi huɗu zuwa shida, yana fitowa kamar an ƙera shi a masana'anta. Rauninsa kuma daga nan ya taso: suna baƙo, wanda mai karatu bai taɓa ji ba, yana iya karantuwa ba daidai ba, tunda ido ba shi da abin da zai cike gurbin da shi. Datsewarsa ta ado ce kafin ta zama ta aiki, saboda haka kada ka tura shi injin yanka sai ka bi haruffa masu ciki ɗaya bayan ɗaya.

Shi ma na saye ne, kuma kwafinsa na sata ya cika tarin font da ake yawo da su a filashi. Ina roƙon masu zane su guji wannan hanya idan aikin na kamfani ne. Tambari abu ne da mai shi zai buga a takardun banki, ya kai rajista, ya zauna da shi shekaru. Bai dace a gina masa shi a kan abin da ba a mallaka ba. Ta fuskar yayi, Stop yana ɗauke da ƙamshin shekarun 1970 da 1980, amma ya riga ya tsallake matakin tsufa, ya zama abin da ake komawa gare shi da gangan.

Glaser Stencil

Milton Glaser, Ba'amurken da ya zana shahararren tambarin New York mai hoton zuciya, shi ya yi wannan a ƙarshen shekarun 1960. Manyan haruffa ne na da'ira da miƙaƙƙen layi, da gadoji bayyanannu. Ya fi Stop da Futura Black karantuwa nesa ba kusa ba, kuma yana yankuwa lafiya lau. Ba shi da zafin kimiyya sosai, natsattse ne, ya fi dacewa da ɗakin karatu ko ofishin masu zanen gini. Na saye ne. Idan abin da kake so ke nan amma aljihu bai kai ba, Allerta Stencil na Matt McInerney yana nan kyauta a Google Fonts, wato shafin Google na salon rubutu, ya fi shi laushi amma hanyarsu ɗaya.

Saira Stencil One

Nan ne na fi yawan tsayawa. Ya fito daga kamfanin zanen haruffa na Omnibus-Type na ƙasar Ajantina, daga dangin Saira na Héctor Gatti. Haruffansa masu jiki murabba'i ne da kusurwa mai laushi, irin siffar da ido ya saba gani a jikin na'urori da motocin tsere. Yana da manya da ƙanana, kaurinsa ɗaya ne tak, kuma ba a cire wa harafi gaɓar da za ta hana a gane shi ba. An datse shi, amma ba a nakasa shi ba.

Kyauta ne a Google Fonts, ƙarƙashin lasisin da ake kira OFL (Open Font License), kuma darajar wannan lasisi ta wuce rashin biyan kuɗi. Ya halatta maka aikin kasuwanci, ya halatta maka ka buɗe salon ka gyara shi. Sharaɗinsa kada ka sayar da salon shi kaɗai, abin da ka gyara ya ci gaba da zama ƙarƙashin lasisin, kuma idan mai shi ya keɓe sunan, ka sa wa naka wani suna. Ma'ana, duk harafin ƙugiyar da ka tarar babu, kana da damar buɗe salon a FontForge, manhajar gyaran haruffa wadda ita ma kyauta ce, ka zana shi sau ɗaya ka huta har abada. Salon saye galibi sun hana taɓa fayil ɗinsu. Abin da yawancinsu suka bari shi ne ka mayar da kalmar zane, wato ta tashi daga rubutu ta koma siffofi, sannan ka gyara zanen.

Wata fa'idar ita ce danginsa. Saira na yau da kullum yana da kauri da faɗi iri-iri, sai ka yi kanu da mai datsewa, ka yi adireshi da lambar waya da ɗan'uwansa, aikin ya fito murya ɗaya. Haɗarinsa shi ne na duk abin kyauta: ba kai kaɗai ka gan shi ba. Maƙwabcin mai aikinka yana iya fitowa da irinsa wata mai zuwa.

Big Shoulders Stencil

Patric King ne ya zana dangin Big Shoulders don tsarin zanen birnin Chicago. Dogaye ne matsattsu, da kauri tun daga siriri har zuwa mai nauyi ƙwarai, shi ma kyauta ƙarƙashin OFL. Kamarsa ta fi karkata ga masana'anta da tashar jirgin ƙasa fiye da jirgin sama jannati, amma yana magance wata matsala da sauran ba sa iyawa, wato dogon suna. Sunayen kasuwancinmu ba gajeru ba ne. Idan aka ce ka shigar da sunan mai shago da na mahaifinsa da irin sana'arsa a allo mai faɗin ƙafa shida, Stop zai cinye wurin tun kafin ka kai rabi, shi kuwa wannan zai ɗauke su da tsayin da za a hango. Wajen yanka, ɗauki masu kaurin. Siraran na allo ne da takarda.

Blanka da Anurati

Emmeran Richard ne ya zana su, kuma su ne suka fi yawo a wayoyin matasa masu aiki da manhajar zane ta PixelLab. Manyan haruffa ne da aka cire wa gaɓoɓi da yawa, sun fi duk na sama kama da rubutun jikin jirgin sama jannati. A hoton sanarwa mai baƙin bango, kalma ɗaya a tsakiya da tazara mai faɗi tsakanin haruffa, suna da kyau ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Amma su ne suka fi haɗari ta kowace fuska. Karantuwarsu ita ce mafi rauni. Yayinsu ya yi ƙarfi a tsakiyar shekarun 2010, ido ya fara ƙoshi da su. Sannan kalmar kyauta a irin waɗannan sau da yawa tana nufin kyauta don amfanin kanka, ban da aikin da za a biya ka. Anurati ma yana da sigar saye mai suna Anurati Pro. Buɗe takardar lasisin da ke cikin fayil ɗin ka karanta kafin ka karɓi kuɗin kowa.

Ga Hausa kuwa matsalar ta ninka. A salon da ake cire wa harafi gaɓa, mai karatu yana koyon ƙyale ƙananan alamomi, yana ɗaukarsu ado. Ita kuwa ƙugiya ƙaramar alama ce da ke raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa. Na taɓa ganin allon wani shago da aka rubuta da irin wannan salo, Ƙ ɗin farkon sunan ya fito da wani siririn salo daban, kuma an riga an buga an kafe. Mai shagon ya biya kuɗinsa cif, ya zauna da sunansa a gurgunce. Abin ya daɗe yana damuna, domin minti goma na gyara da ya hana.

| Salo | Kuɗi | Huda faranti | Karantuwa daga nesa | Ƙananan haruffa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Futura Black | Na saye | Yana yi, a babban girma | Matsakaiciya | Akwai | Kamar tsohon zamani |
| Stop | Na saye | Sai an duba an gyara | Tana da rauni a baƙon suna | Babu | Kwafin sata, kuskuren karatu |
| Glaser Stencil | Na saye | Yana yi sosai | Mai kyau | Babu | Ba shi da zafin kimiyya |
| Saira Stencil One | Kyauta, OFL | Yana yi | Mai kyau | Akwai | Kowa na iya ɗauka |
| Big Shoulders Stencil | Kyauta, OFL | Masu kaurin suna yi | Mai kyau | Akwai | Matsatsi a ƙaramin girma |
| Blanka, Anurati | Ya danganta da lasisi | Ba don haka aka yi su ba | Mafi rauni | Babu | Lasisi, gushewar yayi |

Yadda ake dasa ƙugiya da yadda ake miƙa aiki

Ko wanne ka zaɓa, idan sunan yana da ƙugiya, aro lanƙwasar daga jikin salon kansa, daga J ko C ko U, domin kaurinta ya yi daidai da sauran. A Ɓ da Ɗ tana fitowa ta sama a hagu, a Ƙ kuwa hannun sama na dama ne ke lanƙwashewa. Kada ka sa datsewa tsakanin ƙugiya da jikin harafin. Da zarar ta rabu da shi ta zama waƙafi ko ado, ma'anar ta tafi.

Kafin ka kai wa mai bugawa, mayar da rubutun zane. A manhajar zane ta CorelDRAW, danna Ctrl da Q ne. Idan ba ka yi ba, kuma babu salon a kwamfutarsa, za ta sauya maka shi ba tare da ta tambaye ka ba. Idan injin lesa zai huda ƙarfe ko roba, kada faɗin gada ya gaza kaurin farantin, kuma a fara gwada harafi ɗaya mai ciki, kamar R ko 8, a guntun da ya rage.

Wa ya dace da wanne

Mai fesa lamba ko suna a jikin akwatuna, batura, kujerun haya ko bango, wanda zai yi amfani da faranti ɗaya sau ɗari, ya ɗauki Saira Stencil One ko Big Shoulders mai kauri. In akwai kuɗi kuma ana son natsuwa, Glaser Stencil.

Mai zana tambarin kamfanin fasaha mai gajeren suna, wanda mai aikin zai iya biyan lasisi, ya sayi Stop, ya gyara harafin da ke rikitarwa, ya nuna wa mutum uku da ba su san sunan ba su karanta da ƙarfi. Idan biyu suka yi tuntuɓe, ya koma Saira.

Mai fostar biki ko bangon littafi da ke son nauyi da kwarjini, kuma bai damu da a ji ƙamshin jiya ba, Futura Black nasa ne, amma kalma biyu, da girma.

Mai allon shago na sitika ko haruffan mannawa ya ƙirga guntaye kafin ya faɗi farashi. Sau da yawa abin da ya fi masa shi ne kalmar farko kawai ta zama sitensil, sauran a rubuta da cikakken harafi.

Mai hoton sanarwa na kwana biyu a WhatsApp ko Instagram yana iya morar Blanka ko Anurati, bayan ya karanta lasisi, kuma kwanan wata da wurin taro su zo da salon da kowa zai karanta.

Wanda kuma aikinsa kullum da Hausa ne, kanun mujalla, sunayen shirye-shirye, rigunan ƙungiya, shawarata ya tsaya a kan masu lasisin OFL. Ya ware yini guda ya tabbatar Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ da ƙananansu sun zauna daidai a Saira Stencil One ko Big Shoulders Stencil, ya zana wanda babu, ya sa wa fayil ɗin sabon suna idan lasisin ya buƙaci haka, ya raba wa abokan sana'arsa.